Atina a Hagu, Sparta a Dama

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa babbar mota daga Kano zuwa Legas, ina kai albasa da tumatir, in dawo da abin da ya samu. Ban taɓa karanta allon hanya ko ɗaya ba. Na san Tegina da hayaƙin masu nama, na san Mokwa da gangara, na san Jebba da gada. Abin da idona ya gani sau ɗaya, ko kunnena ya ji sau biyu, ya zauna ke nan. Tun ina makarantar allo a unguwarmu aka san ni da saurin hadda, kafin in bar ta in bi mota. Boko kuwa ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. Matata Asabe na tsaya wa ta yi karatu har ta zama nas, kuma takardarta ce ta kawo mu Ingila. Yaranmu biyu, Khalifa da Amira, muka bar su wurin mahaifiyata a kan cewa wata shida ne. Sai da muka yi shekara biyu da rabi ba mu taɓa kansu ba.

Zango na farko: Balsall Heath

A Birmingham muka fara sauka, a unguwar Balsall Heath, a wani ɗaki da ke saman shagon yadi. Asabe tana fita tun da sassafe, ni kuma in zauna ina kallon ruwan sama yana bin gilashin taga. Turancin da na ɗauko a kasuwar Legas ya ishe ni gaisuwa da ciniki, amma garin duk a rubuce yake. Ƙofa a rubuce, injin tikiti a rubuce, har kwandon shara sai ka karanta kafin ka san wanda za ka zuba wa. Ni da nake ratsa ƙasa guda ba mai nuna mini hanya, sai ga ni ina ɓata a bayan gidanmu, domin layukan duk kamarsu ɗaya, jan bulo da baƙar ƙofa.

Wani dattijo ɗan Yaman da muke haɗuwa a masallaci shi ya fara gane matsalata, bai kuma taɓa furta ta ba. Ya yago kwalin shayi ya rubuta mini lambar bas da manyan lambobi, ya ce in ƙirga tsayuwa takwas in sauka. Lamba na iya. Da wannan kwali na sami aikina na farko, sauke kaya a wani sito na kayan gwari. Ranar da na shiga, warin albasa ya mare ni, na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe har nan kika biyo ni.

Na yi wata bakwai a wurin. Wata safiya buhunan dankali suka zame daga sama suka danne mini ƙafa. Ogan wurin ya zo da fara'a, ya dafa kafaɗata, ya kawo mini shayi da hannunsa. Sannan ya zaro takarda da biro.

Ya ce, "Ta hutun jinya ce, abokina. Sign here."

Sa hannu yake nufi. Dama Asabe ta koya mini zana sunana kamar yadda ake zana hoto. Na zana. Har godiya na yi masa.

Da ta dawo aiki na miƙa mata kwafin da aka ba ni. Ta karanta a tsaye, ba ta ko cire rigar sanyi ba. Sai ta zauna a bakin gado.

"Baban Khalifa, wa ya ba ka wannan?"

"Oga. Ta hutu ce."

"An rubuta kai da kanka ka ajiye aiki. An kuma rubuta ba a wurinsu ka ji ciwon ba."

Mun je mun yi magana. Duk inda muka je sai a ɗora yatsa a ƙasan takardar a ce, wannan ba hannunka ba ne? Hannuna ne. Na yi wata biyu ina ɗingishi a ɗaki, ba zafin ƙafar ne ya fi damuna ba.

Zango na biyu: Whalley Range

Asabe ta sami aiki a wani asibiti a Manchester, muka tattara. A unguwar Whalley Range da muka sauka gidajen manya ne, irin na masu kuɗin dā, an yayyanka su ɗaki-ɗaki. Namu yana can sama ƙarƙashin rufi, in na miƙe a gefen taga sai kaina ya bugi silin. Ɗaki ɗaya ne da ɗan wurin girki. Ba inda za a sa yara biyu.

Kowace Lahadi muna kiran gida ta bidiyo. Khalifa ya fara jin kunyata, yana gaishe ni kamar baƙo. Amira kuwa tambayarta ɗaya ce.

"Baba, yaushe?"

"Kwanan nan, uwata."

"Haka ka ce da Sallah."

Mun nemi flat mai ɗaki biyu har takalmi ya gaji. Duk landlord, wato mai gidan haya, da muka samu maganarsa ɗaya: yana son takardar da ta nuna mu biyun muna da tsayayyen aiki. Ni kuwa agency, wato kamfanin dillancin ma'aikata, ce ke tura ni shara da goge-goge a wani sito na kayan abinci, yau a kira ni, gobe shiru.

Manajar siton wata mata ce mai yawan sauri. Ta lura duk lokacin da masu lodi suka rikice, nakan ajiye tsintsiya in nuna musu yadda ake jera kaya don kada mota ta karkata. Wata rana ta tsayar da ni ta ce akwai gurbin mai kula da lodi da zai buɗe idan bazara ta shigo, tsayayyen aiki ne, kuma ni take so.

Ta ce, "Abu ɗaya ne. Aikin na takardun oda ne. Sai ka kawo shaidar ka ci jarrabawar karatu ta manya. Ka iya karatu, ko?"

Na buɗe baki zan ce na manta tabarau a gida, kamar yadda na saba. Sai muryar Amira ta faɗo mini. Na ce, "Ban iya ba. Amma zan iya."

Zango na uku: Moss Side

Ajin manya yana zauren wani coci a unguwar Moss Side, Talata da Alhamis da hantsi. Ranar farko na iso a jiƙe sharkaf, ina kakkaɓe hula a bakin ƙofa ina ce wa ruwan, kai ba ka da gida ne? Sai na ji murya daga ciki.

"Wane ne wannan yake wa ruwan Sarauniya faɗa da Hausa?"

Wani dogon dattijo ne da furfura a gashin baki, tsaye ƙyam kamar an kafa shi. Saje Yohanna ke nan, mutumin Zonkwa, tsohon soja. 'Yarsa ce ta kawo shi, shi kuma zaman gida ya gagare shi, ya karɓi aikin kula da zauren. Ya tambaye ni sana'ata a gida, na faɗa masa.

Ya ce, "Direban tirela! Ku ne kuke hana mu barci a shingen hanya."

Na ce, "Ku ne kuke cinye mana albasa, Baba Saje."

Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai Direba.

Malamarmu sunanta Doreen, iyayenta daga Jamaika suka zo, a unguwar aka haife ta. Mu goma sha ɗaya ne, yawanci mata 'yan Somaliya, da wani Bature mai gyaran rufi wanda ya girme ni. Ganinsa ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Bayan 'yan makonni na haruffa, ta kawo kwalin tsofaffin littattafan yara ta ce kowa ya zaɓi ɗaya, shi zai riƙa karantawa, kuma a kansa zai yi jawabi ranar jarrabawa. Na ɗauki wani mai hoton jirgin ruwa da taswira, domin taswira ita ce abin da na fi ganewa. Ashe labarin garuruwa biyu ne na ƙasar Girka a zamanin dā, Atina da Sparta, waɗanda ba sa ga maciji da juna. In ka buɗe, Atina na shafin hagu, Sparta na dama. Shafin Atina jirgi ko tulu, shafin Sparta kwalkwali ko garkuwa.

Na duba yawan rubutun, na duba kwanakin da suka rage kafin bazara, sai zuciyata ta kawo mini dabara. Na sa Asabe ta karanta mini shafi-shafi a waya. Ta ce, "Anya haka Malama take nufi?" Na ce karatu dai ai karatu ne, haka muka yi namu a allo. Ina goge daɓen sito da abin ji a kunne, ina biyawa. Kwana uku na haddace shafi huɗu, har da inda Asabe take tsayawa ta ja numfashi.

Ranar Talata na buɗe littafi, na ga jirgi, na ɗora yatsa a layin farko na zuba. Da na gama, Malama Doreen ta riƙe ƙirji, matan suka tafa. Sati biyar ina haka. Har ta fara cewa sauran su yi koyi da Isiyaku.

Sai wata Alhamis ta ce littattafan sun fara yagewa, don haka ta buga mana shafukan a farar takarda. Ta miƙo mini tawa. Babu jirgi, babu kwalkwali. Baƙin rubutu ne kawai daga sama har ƙasa. Na rasa gane wane shafi ne. Na ce a raina, hagu ake farawa. Na ɗora yatsa, na fara bayanin tashar jiragen Atina da man zaitun da tuluna, murya a sake, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da na kai ƙarshe ba wanda ya tafa. Baturen nan mai gyaran rufi, wanda ke kallon takardata ta gefe, ya sunkuyar da kai.

Malama Doreen ta ce a hankali, "Isiyaku, abin da ka faɗa ya yi kyau. Amma takardar da ke hannunka maganar yaran Sparta take yi."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da mayafi. Na ninke takardar, na sa hulata, na fita. Sati biyu ban koma ba.

Zango na huɗu: hular Saje

Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙofarmu kamar za a ɓalle ta. Saje Yohanna ne, ya hawo bene uku yana haki, da leda a hannu.

"Madam, ina mijinki? Na zo kama wanda ya gudu daga bakin daga."

Asabe ta ba shi kujera, ta kawo shayi. Ya zazzage ledar a kan tebur: almakashi, takardun Malama Doreen, da tsohuwar hularsa ta soja.

Ya ce, "Direba, na ji abin da ka yi. Wallahi ka burge ni, kan nan naka ba na banza ba ne. Amma kai ka haddace hanya ɗaya, su kuma sabuwar hanya za su ba ka ranar jarrabawa. Madam, daga yau an sa miki takunkumi. Ko sunan sabulu ya tambaye ki, kada ki karanta masa."

Ta ce, "Na ji, Baba. Dama na gaji."

Ya dinga yanka takardun layi-layi, wasu ma kalma-kalma, ya zuba a hula ya girgiza. Sai in sa hannu in zaro. Abin da ya fito shi zan karanta, ba gaba ba baya, haddata ba ta da inda za ta kama. Ranar farko awa biyu muka yi a kan layi uku. Na ji kamar an mayar da ni yaron mota, ana koya mini sa giya.

Muka mayar da shi ƙa'ida, kullum bayan na tashi aiki in biya zauren. In na makara minti biyar sai ya duba agogo ya ce a bariki da tuni ina tsallen kwaɗo. Abin da ya hana ni gudu shi ne gardama. Da ma'anar layukan ta fara shiga kaina a hankali, ba da gudun hadda ba, sai na ga ai mutanen nan na san su.

Na zaro wani layi da ke cewa ƙasar Atina duwatsu ce, alkama ba ta wadatar da su, sai zaitun da inabi. Na ce, "Baba Saje, ai shi ya sa suka zama 'yan kasuwa. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi dole ya nemi hanya. Teku na bakin ƙofarsu, suka sassaƙa jirage, su kai mai da tuluna, su dawo da hatsi. Wannan ai Legas ce aka haɗa da kasuwar Kano."

Ya ce, "'Yan surutu dai. Zaro na gaba."

Na gaba ya ce Sparta tana cikin kwari mai kogi da ƙasar noma, manyan duwatsu sun kewaye ta, har ba ta damu da gina ganuwa ba.

Ya buga tebur. "Ka ji maza! Gari ba ganuwa. Su ne ganuwar."

"Duwatsu ne ganuwar, Baba. Ni na san abin da dutse ke yi wa mota mai kaya. Kuma wa yake musu noman, tunda kowa na fareti?"

Amsar ta fito daga hula bayan kwana biyu: mutanen da suka ci da yaƙi ne suke noma musu, kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Na ce to ga dalilin faretin, mai gida ne ke tsoron masu yi masa aiki, ba ya iya barci sai da mashi. Saje ya lalubo wani layi da kansa ya tura mini. Sai da na yi minti goma kafin na gane cewa azurfar da Atina ke taƙama da ita bayi ne ke haƙo ta a cikin rami.

Ya ce, "To, ɗan kasuwa, naku hannun ma ba a wanke yake ba."

Na amsa masa cewa gaskiya ne.

Mun yi dariya ranar da na karanta cewa kuɗin Sparta sandunan ƙarfe ne masu nauyi, don kada kowa ya yi sha'awar tarawa. Na ce wannan in za ka sayi akuya sai ka ɗauki hayar motata. Shi kuma ya rama da ya ga hoton kuɗin Atina a littafin. "Mujiya! Duk tsuntsayen duniya su rasa wanda za su buga a kuɗi sai mujiya. Wa zai karɓi wannan a kasuwar Zonkwa?" Da muka zo kan baƙin romon da sojan Sparta ke sha, na jini da naman alade, na ture takardar na ce a'uzubillahi. Ya ce shi ya sha abin da ya fi wannan muni a daji, kuma ga shi a tsaye.

Amma ranar da na karanta cewa yaro yana shekara bakwai ake raba shi da uwarsa a kai shi bariki, riga ɗaya a shekara, abinci ba ya isa, kuma ko ya yi aure a bariki zai ci gaba da kwana har ya kai talatin, ban yi tsokana ba. Amira shekararta bakwai. Saje ma bai ce maza ba. Ya juya hular a hannunsa ya ce lokacin da aka haifi 'yarsa yana can wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya, sai da ta fara tafiya ya gan ta, ta kuma ɓuya a bayan uwarta.

Ya ce, "Karanta, Direba. Kada naka su kai haka."

Babin ƙarshe na littafin Asabe ba ta taɓa karanta mini shi ba. Shi ne na babban yaƙin da garuruwan biyu suka gwabza shekara da shekaru. Na roƙi Saje ya faɗa mini wanda ya ci. Ya ce ko bindiga na sa masa ba zai faɗa ba. Na tambayi Asabe, ta ce tana ƙarƙashin takunkumi. Na koma aji, na ba Malama Doreen haƙuri, ta ce kujerata na nan ba wanda ya zauna, amma ita ma ta ƙi faɗa, Saje ya riga ni zuwa wurinta.

Wata ranar Lahadi bayan azahar na zauna a gefen taga da littafin, ba hula, ba waya. Shafi biyu ne. Na bi su harafi-harafi kamar mai hawa gangaren Mokwa da cikakken lodi. Sparta ta fi ƙarfi a ƙasa, Atina ta fi ƙarfi a ruwa. Mutanen Atina suka shige bayan dogayen katangun da suka haɗa garin da tashar jiragensu, abinci na zuwa musu ta teku. Aka daɗe ba wanda ya kayar da wani. Daga baya Sparta ta samo taimakon dukiya daga Farisa, ta yi nata jiragen, ta fasa na Atina, ta tare mashigin da hatsi ke biyowa. Yunwa ta shiga gari. Atina ta miƙa wuya.

Na ajiye littafin. La'asar ta yi. Abu na farko da na taɓa karanta wa kaina a duniya, ba bakin kowa a ciki, shi ne cewa mutanena sun sha kashi. Na fashe da dariya har Asabe ta fito daga wurin girki da ludayi a hannu. Da ta ga littafin a buɗe a shafin ƙarshe, ta gane, sai ta juya baya tana goge ido da gefen ɗankwali.

Washegari Saje na jirana a ƙofa, ƙirji a gaba. "To, wa ya ci?"

"Kun ci, Baba. Amma sai da soja ya ari jirgin ɗan kasuwa."

"Kai ma sai da ka ari hular soja. Shiga ciki."

Zango na biyar: ranar jarrabawa

Mai jarrabawar wani siririn mutum ne da ya zo daga wani wuri, bai san kowa ba. Ya miƙo mini takardar da ban taɓa gani ba. Ba maganar Girka a ciki. Sanarwa ce ta rufe wata hanya saboda gyara, da bayanin inda motoci za su bi. Na karanta a hankali. Sau biyu na tsaya cak, na ji tsohuwar ɗabi'ata tana cewa in ƙirƙiro abin da ya dace in wuce. Ban yi ba. Na koma farkon kalmar na fasa ta gida-gida, kamar yadda nake yi wa na cikin hula. Ya yi mini tambayoyi a kan abin da na karanta, na amsa, na kuma rubuta 'yan layukan da aka nema.

Sannan jawabi a gaban aji. Na zana taswira a allo, teku a nan, duwatsu a can. Na ce musu ni direba ne, don haka da idon direba zan duba. Gari ɗaya yana da abinci amma ba ya son hanya, ɗayan yana da hanya amma ba shi da abinci. Na ba su labarin wata shekara da gada ta lalace a hanyarmu, motocin arewa suka yi kwanaki a tsaye, tumatir ya ruɓe a kanmu, a can Legas kuma mata suna faɗa a kan kwando ɗaya. Na ce wanda ya ga wannan ba sai an yi masa dogon bayanin yadda Atina ta faɗi ba.

Mai jarrabawar ya ajiye biro ya ce, "In an ba ka zaɓi, a wanne za ka zauna?"

Na ce, "Atina. Sparta tana korar baƙi lokaci-lokaci, Atina kuwa tana barinsu su yi sana'a. Ni baƙo ne. Sai dai littafin ya ce a can ma baƙo ba ya mallakar gida. Ashe tun wancan zamani muke fama da landlord."

Ajin ya ɗauki dariya, har da matar da ta yi mini dariya a dā. Ta gilashin ƙofa na hango Saje yana goge wuri ɗaya da tsumma tun da na fara.

Bayan sati uku ambulan ta zo. Asabe ta miƙa hannu don sabo, sai ta janye. Ni na buɗe, ni na karanta mata. Na ci.

Zango na ƙarshe

Manajar sito ta kira ni ofis, ta ajiye takardun aiki shafi huɗu, ta ɗora yatsa a ƙasa.

"Sign here."

Na ja kujera na zauna. Na ce, "Zan karanta tukuna."

Ta duba agogo. Na fara daga layin farko. Wayarta ta yi ƙara, ta fita, ta dawo, ina shafi na biyu. Ta haɗa shayi ta shanye, ina na uku. Na tambaye ta ma'anar wani wuri da ya yi maganar wanda ya ji ciwo a bakin aiki, ta yi mini bayani, na sake karanta shi da kaina na ga haka ne. Babu wata cuta a takardar. Sai da na kai ƙarshen layin ƙarshe na ɗauki biro, na rubuta sunana, ina sanin kowane harafi da ke cikinsa.

Da wannan takarda muka sami flat mai ɗaki biyu a Moss Side, layi uku daga zauren. Sauran shirye-shiryen suka ɗauki watanninsu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da yaran za su sauka, tare da ƙanwar Asabe da ta rako su, Saje ya ce ba za a bar shi a baya ba. Ya zo da kwat da takalmi yana ƙyalli. Muka tsaya a ƙarƙashin babban allon filin jirgi, rubutu yana ta canzawa. Asabe ta kasa kallo, ta riƙe hannun rigata.

"Baban Khalifa, duba mana."

Na ɗaga kai, na bi layukan har na sami lambar jirginsu, na bi ta zuwa dama.

Na ce, "Ya sauka."

Saje ya ce, "Ka tabbata, Direba, ko hadda ce?"

Ban samu na rama ba, domin ƙofa ta buɗe, na hango wata 'yar doguwar yarinya da jan mayafi ta saki akwati tana gudu.